Zauren Lissafi: Yarana sun haddace "salib da salib mujab" amma lissafin ya ƙi zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni malama ce a Makka, wajen Shari'a Mansur, wato titin Mansur, nake zaune, ina yi wa yaran unguwa darasi a gida bayan la'asar, su goma sha huɗu ne yawancinsu 'yan awwal mutawassiɗ, wato ajin farko na ƙaramar sakandare. Sati uku kenan muna kan babin lambobin nan masu salib da mujab wallahi abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sun haddace "salib da salib mujab" kamar karatun allo, amma in na rubuta −3 + (−4) sai su ce min +7 su duka da ƙarfinsu, in kuma na kawo 3 − (−4) sai falon yayi tsit. Iktibar, wato jarabawa, ya matso. Dan Allah ko akwai wani wasa da zan dinga yi da su, wanda baya buƙatar kuɗi ko kwamfuta? Daga 'yar uwarka a Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, nasan ba ƙaramin aiki bane tara yara sha huɗu a falo bayan sun dawo madarasa a gajiye. Ga masu karatunmu na gida Najeriya da Nijar, salib shine lambar da take ƙasa da sifiri wadda ake sa wa alamar mainos, mujab kuma wadda take sama da sifiri, haka yaranmu na nan suke kiransu tunda da Larabci suke karatu.

Toh Malama yaranki lafiyarsu ƙalau. Wannan jumlar da suka haddace ita ta ɓatar da su, don doka ce ta ninkawa da rabawa kawai, amma yaro in ya ji magana mai daɗin faɗa irin wannan kuma ba a nuna mai iyakarta ba sai ya ɗauke ta ya kaita ko'ina, shi yasa da suka ga salib biyu a layi ɗaya basu ma tsaya duba alamar tarawa dake tsakani ba. Nidai shawarata ki hana faɗinta kwata-kwata a falonki na sati biyu, ki mayar da lissafin hannunsu.

Ga abinda zaki tanada. Ƙwallon dabino, ki sa kowane yaro ya kawo ashirin daga gida a wanke a shanya, wannan ai ba gidan da babu a garin nan. Sai murfin robar ruwa, shima kamar ashirin ashirin. Ƙwallon dabino ɗaya shine +1, wato riyal ɗaya a aljihunka. Murfi ɗaya shine −1, wato riyal ɗaya da mai bagala, mai kantin unguwa, ke binka. Dokar wasan guda ɗaya ce tal kuma ita ce komai: ƙwallo ɗaya da murfi ɗaya in sun haɗu sun cinye juna, sun zama sifiri. Ki sa su dinga ɗora ƙwallon a cikin murfin su ga ya zauna, su ce "sifiri" da bakinsu. Kar kiyi gaggawar wuce wannan wurin, ki zuba wa yaro ƙwallo 6 da murfi 4 a faranti ki ce nawa gareka, sai ki ƙara mai ƙwallo uku da murfi uku ki sake tambaya, har sai ya gane da kansa cewa farantin ya ƙara cika amma arzikinsa na nan a 2 bai motsa ba. Ranar farko in wannan kaɗai kuka yi ya isa.

Rana ta biyu ki raba su, sha huɗu zasu baki rukuni uku, biyar biyar da huɗu. A kowane rukuni yaro ɗaya shine mai bagala, shi ke riƙe da gwangwanin ƙwallo da na murfi da kuma daftari, kuma a dinga juya wannan matsayin don kowa sai ya so ya riƙe. Ki yanka ƙananan takardu ki zuba a leda biyu, ledar farko takardunta "ƙara" ko "cire" kawai aka rubuta, ta biyu kuma lambobi daga −6 zuwa +6. Kowa ya fara da farantin da ba komai. In layi ya zo kanka ka zari takarda ɗaya a kowace leda, ka aikata abinda suka ce da hannunka, ka faɗa da baki, sannan mai bagala ya rubuta a daftari da lambobi. Matakan nan uku kar ki yarda a tsallake ko ɗaya, hannu, baki, rubutu, don in aka bar rubutun sai ya zama wasan ƙasa kawai su ji daɗi su tashi, ranar iktibar kuma ba faranti a gabansu.

Kinga −3 + (−4) ɗin nan da yake basu wahala, yaro na da murfi uku aka ce ƙara murfi huɗu, yana kallon murfi bakwai a gabansa ba ƙwallo ko ɗaya, ta ina zai ce +7? Ana binka uku ka ƙara ciyo huɗu, ko yaron da bai shiga makaranta ba yasan bashi ne ya ƙaru. −2 + 5 kuma murfi biyu suka cinye ƙwallo biyu saura ƙwallo uku.

Inda wasan yake da daɗi shine wajen cirewa, kuma nan nake so ki fi daɗewa. −5 − (−2) mai sauƙi ne, murfi biyar gareka ka ɗauke biyu saura uku, amsa −3, kuma ki tambaye shi yanzu ka fi ɗazu sauƙi ko ka fi ɗazu nauyi, zai ce miki an rage min bashi. Toh sai ga 3 − (−4). Ƙwallo uku ne a farantinsa, takarda ta ce cire murfi huɗu, shi kuma bashi da murfi ko ɗaya. Anan ki yi shiru Malama, ki bar su su yi gardama, wallahi kusan kullum sai an samu ɗaya a cikinsu da zai tuna darasin ranar farko ya ce a karɓo sifiri wajen mai bagala. Sai ya ce "bani sifiri huɗu", a bashi ƙwallo huɗu da murfi huɗu, arzikinsa na nan a 3 bai canza ba, amma yanzu yana da murfin da zai cire, ya kwashe murfi huɗun, me ya rage? Ƙwallo bakwai. Ba wanda ya gaya mai doka, shi ya gani da idonsa cewa yafe maka bashin riyal huɗu daidai yake da a baka riyal huɗu. Ni a ajina duk yaron da ya fara gano wannan nakan sa ya tashi ya nuna wa sauran da bakinsa, sun fi ji daga wajen ɗan uwansu.

Bayan zagaye takwas sai a duba wa ya ci. Kwanakin farko ki bar shi mai yawan arziki shine gwani, anan zasu koyi cewa −3 ta fi −8 girma duk da takwas ta fi uku a ido, don wanda ake bi uku ya fi wanda ake bi takwas kwanciyar hankali. Daga baya ki canza, ki ce wanda ya fi kusa da sifiri shi ya ci, sai ki ga mai +6 ya sha kaye a hannun mai −1, kuma mai +2 da mai −2 sun yi kunnen doki, kinga ƙima muɗlaƙa, wato nisan lamba daga sifiri, da ke cikin littafinsu ta shigo kenan ba tare da kin buɗe sabon babi ba.

Wannan hanya ta bashi da dukiya ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, tun shekarar 628 ya rubuta dokokin lambobin nan kuma da dukiya da bashi ya kira su. Mutanen Sin kafin shi da sanduna suke yi, ja na mujab baƙi na salib, kusan irin ƙwallo da murfinmu kenan. Abul Wafa al-Buzjani da ya zauna Bagadaza a ƙarni na 10 shima da sunan bashi ya ambaci irin wannan sakamako, a Turai kuwa har 1544 Michael Stifel yana kiransu lambobin da basu da ma'ana. Ina faɗa wa yara wannan don su san abin ya ɗaure wa manya kai ɗaruruwan shekaru, ba laifi bane in ya ɗauke su sati uku.

Abu biyu zan roƙe ki. Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma kin san halin da wasu gidajenmu suke ciki a nan, kuɗin haya da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da sauransu, akwai yaron da maganar bashi ba wasa bace a gidansu, don haka kar ki bari a yi wa mai murfi da yawa dariya ko a laƙaba mai suna, in kin ga alama ki mayar da maganar hawa da saukar bene. Na biyu in akwai ƙananan yara masu rarrafe a gidan a tattara ƙwallo da murfi a ƙirga bayan darasi, suna iya haɗiya. In sun yi kamar kwana goma sai ki ɗauke farantin, su dinga zana + da − a daftari suna soke biyu biyu, daga nan kuma su bar zanen ma.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana ya dawo yana cewa ustazunsu ya ce su dinga gwada lissafin nan da karta da ɗan ludo a gida, jar karta bashi baƙa kuɗi. Ni gaskiya raina bai kwanta ba, bana son karta ta shigo min gida, kuma ina ganin wasa a aji ɓata lokaci ne, mu da bulala da hadda muka koya. Me ka gani? Daga wani uba a Jidda.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma. Damuwarka tana kan hanya, akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani kan wasan nardi, wato wasan da ake jefa ɗan ludo, kuma iyaye da yawa saboda shi basa son ɗan ludo ko karta a gidajensu, ustazun inaga sauƙi kawai ya duba don karta tana da launi biyu da lambobi a shirye. Lissafin baya buƙatarsu ko kaɗan. Ka duba amsar da na ba Malama a sama, takarda a leda tana yin duk aikin da ɗan ludo zai yi, ba kuɗi a ciki ba caca, sai ka sa yaron ya gaya wa ustazu cikin ladabi cewa da wannan zai yi.

Maganar ɓata lokaci kuma Alhaji anan zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Hadda tana da wurinta, jadawalin ninkawa dole a haddace shi ba makawa, amma dokokin alama in aka haddace su ba ganewa cakuɗewa suke yi, kuma duk aljabara da zai tarar a gaba akan su take zaune, yaron da ya wuce wannan babin da rauni zaka ga yana fahimtar sabon darasi sarai amma amsa na fita ba daidai ba saboda alama ɗaya da ta juye. Kai ma ai nasan ka ga dattawa a gida suna dara a gindin bishiya, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu lissafinta a allo, hannu ne ya saba. Kuma kai kanka zaka iya taimaka mai ba tare da ka zauna darasi ba. In kun shiga lif a babban gini ka nuna mai hawan ƙasa shine sifiri, wajen ajiye motoci na ƙarƙashi −1 da −2, ka tambaye shi daga −2 zuwa hawa na 5 hawa nawa muka yi, bakwai ne. Firiza ana saita ta a −18. In sanyi ya shigo ku duba yanayin Turaif ko Tabuk a waya, wuraren nan suna sauka ƙasa da sifiri har ƙanƙara na zuba a Jabal Lauz, ka ce ya faɗa maka tazarar dake tsakaninsu da Jidda a ranar. In kuma mai son ƙwallo ne, teburin gasar da Ittihad da Ahli ke bugawa akwai layin bambancin ƙwallaye, ƙungiyoyin ƙasan tebur zaka ga nasu da salib, ka ce ƙungiya tana −4 ta ci wasa uku da ɗaya ina ta koma, in ya ce −2 to ya kama hanya.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Madina, tarawa da cirewa na gane su Alhamdulillah, amma har yanzu ban gane dalilin da yasa salib sau salib yake bada mujab ba. Ustaza ta ce haka dokar take in haddace. Ya za'a yi bashi sau bashi ya zama kuɗi?

AMSA: 'Yata Allah ya miki albarka, wannan tambayar ta mai tunani ce kuma kina da gaskiya, bashi sau bashi magana ce mara ma'ana, ba haka ake karanta ta ba. Lambobin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta biyu ita ce kayan, ta farko kuma umarni ce, tana gaya miki sau nawa, kuma alamarta na gaya miki zubawa za'a yi ko kwashewa. Ki samu faranti ki jera sifiri kamar goma, wato ƙwallon dabino goma kowanne a cikin murfinsa. 3 × (−2) na nufin zuba murfi biyu sau uku, kin samu murfi shida da ba su da abokai, −6. Toh (−3) × (−2) kuma na nufin kwashe murfi biyu sau uku, ki mayar da farantin sifiri goma kamar farko ki kwashe ki gani, ƙwallo shida ne zasu rage tsirara ba murfi, +6. Ya'ani mai bagala ne ya buɗe daftari ya soke miki bashin riyal biyu har sau uku, kin ƙaru da shida ko ba'a miƙo miki ko halala, wato kwabon riyal, ba.

Ga wata hanyar kuma ki rubuta a daftarinki ɗaya ƙarƙashin ɗaya. 3 × (−2) = −6, sai 2 × (−2) = −4, sai 1 × (−2) = −2, sai 0 × (−2) = 0. Ki lura duk saukowa ɗaya amsar na ƙaruwa da biyu. Layi na gaba shine (−1) × (−2), in tsarin zai ci gaba yadda ya taho ba inda za ta faɗa sai +2, na bayansa +4. Ki kai wa ustazarki wannan ki nuna mata bayan hissa, wato bayan darasi, inaga za ta ji daɗi.

TAMBAYA: Malam ajina yara talatin da shida ne, in na raba ƙwallon dabino jifa zai koma. Akwai wani? Daga malami a Ɗa'if.

AMSA: Akwai Malam, ka sa su tafiya. Ka ja layi da salatif a barandar makaranta, kowane tayil lamba ɗaya daga −10 zuwa +10, sifiri a tsakiya. Yaro ya tsaya kan lambar farko. In tarawa ce ya fuskanci ɓangaren mujab, in cirewa ce ya juya ya fuskanci ɓangaren salib, sannan in lamba ta biyu mujab ce yayi gaba, in salib ce yayi da baya. 3 − (−4): yana kan 3, ya juya yana kallon salib, ya ja da baya taku huɗu, sai gashi kan 7. Ka raba ajin gida biyu, kafin mai tafiya ya ɗaga ƙafa kowa ya rubuta inda yake zaton zai tsaya ya ɗaga takarda sama, gidan da ya fi yawan masu daidai shi ke da maki, ta haka ba mai zama ɗan kallo. Minti sha biyar a ƙarshen hissa ya wadatar. Abu ɗaya, kar ka yi misali da shekarun kafin Hijira da bayanta a kan wannan layin, na ga malamai na yi, kalanda ba ta da shekarar sifiri don haka tazarar zata dinga fita da kuskuren ɗaya.

TAMBAYA: Malam zamu koma Kano bayan Hajji in sha Allah, yarinyata duk karatunta da Larabci tayi. Lissafin nan zai canza mata ne a can? Daga wata uwa a Jarwal.

AMSA: Hajiya lissafin ɗaya ne, rubutun ne zai canza kuma gara ki fara mata tun yanzu. A nan tana rubutu daga dama, alamar salib tana zuwa a hannun daman lamba, a can kuma daga hagu ake farawa alamar na gaban lamba ta hagu, in ta rubuta 5− malamin can zai ɗauka bata gama rubutun ba. Haka cirewa, in ta karanta 3 − 8 daga dama kamar yadda ta saba zata samu 5 alhali amsar −5 ce, wannan shi ya fi kama yaran da suka koma. Sannan biyar ɗin Larabci zagaye ce mai kama da sifirin boko, sifirin Larabci kuma ɗigo ne. Kullum ki bata tambaya biyar daga littafinta na yanzu ta kwafe su da lambobin boko daga hagu zuwa dama ta amsa, kuma ta dinga ɗora yatsa kan lambar farko ta hagu kafin ta fara karantawa, ki ci gaba da haka har ranar tafiya.